Ƙugiyar da Baba Bai Sa Ba

Wata bakwai bayan rasuwar mahaifinmu, kwamfutarsa ta yi mini yaji. Na kunna ta wata Asabar da hantsi don in ƙarasa gyaran littafin da ya bari, sai Word ɗin da ke ciki, wato manhajar rubutu, ya shimfiɗo wani layi a sama, wai wa'adin lasisinsa ya cika. Karatu dai in karanta, amma ko waƙafi ba zan ƙara ba. Na danna nan, na danna can, na kashe na sake kunnawa, har na yi mata 'yan maganganun da ba su dace da bakin malamar makaranta ba. Ko gezau.

Littafin tarihin gidanmu ne na Ƙofar Galadima. Baba, Malam Sharfaddeen, ya yi shekara talatin da biyar yana buga tafireta a kotu, sannan ya ƙarar da tsufansa yana rubuta tarihin nan daga ka. Daga ka, domin ainihin kundin da kakanmu ya rubuta da ajami ya ɓata shekara goma sha tara da suka wuce, kuma yayana Sani ne ya ɓatar da shi. Da kyakkyawar niyya ya ɗauka, zai kai Samaru a yi masa kwafi kafin gara ta gama da shi, sai dai bai nemi izini ba. Ya hau bas a Ƙofar Doka, ya sauka, kundi ya wuce da bas. An yi cigiya har a rediyo, shiru.

A zaure, gaban mutane, Baba ya ce masa, "Kada ƙafarka ta sake taka zauren nan sai na kira ka da bakina."

Taurin kai a gidanmu gado ne, kowa ya samu kasonsa ba tare da an je gaban alƙali ba. Baba bai kira ba, Yaya Sani kuma bai shigo ba. Ya koma Sabon Gari yana gyaran keken ɗinki, ya yi aure, ya haihu, duk a nisan da Keke Napep ke ci cikin minti ashirin. Ranar da aka binne Baba ya bi sallar gawa a ƙofar gida, ya je maƙabarta, amma zaman makoki a dakalin tsallaken hanya ya yi shi, ƙarƙashin dalbejiya. A rana ta uku ya aika aka kira ni.

"Fa'iza, ke ce kika yi jinyarsa. Bai ce komai a kaina ba? Ko a ƙarshe?"

Na ce, "Bai ce ba, Yaya."

Iyakar abin da na sani ke nan. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya zo ya zauna a dakalin nan, in kai masa ruwa, ya sha, ya kalli ƙofar zaure na ɗan lokaci, ya tafi. Mutumin da mahaifinsa ya mutu yana fushi da shi ba ya buƙatar a yi masa wa'azi, ya san abin da yake ɗauke da shi. Babban yayanmu, Auwal, in ya zo wucewa sallama kawai yake yi masa. Shi ne ya gaji zauren, ya kuma gaji muryar Baba sak, har in ya yi gyaran murya a can nakan zabura in gyara ɗankwali.

Abu biyu ya kamata a sani game da rubutun Baba. Na farko, tafiretar kotu ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ, don haka yakan buga su a miƙe, in takarda ta fito ya bi ta da baƙin biro yana yi wa kowane harafi ƙugiyarsa. Da ya koma kwamfuta aka nuna masa ana iya sa su, ya ce shi ƙugiya aikin hannu ce a wurinsa. Na biyu, shekara huɗu kafin rasuwarsa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riƙe masa harshe da hannun dama. Da yatsa ɗaya na hagu ya ci gaba, ba babban baƙi, ba aya, haruffa suna faɗowa inda ba a gayyace su ba. Ko ruwa yake so a kwamfutar yake rubuta mini.

Saboda haka a makon da ya biyo bayan jana'iza na zauna na tsabtace babi-babin ƙarshe, ina cire duk abin da na ɗauka suɓutar hannu ne. Ina kuka ina gogewa. Ba na son baƙo ya ga yadda hannun mutumin da ya yi suna da tsabtar aiki ya koma. Yaya Auwal yana son a kai littafin maɗaba'a kafin shekara ta zagayo, ga shi saura ƙugiyoyi kawai in sa, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba.

Ibtisam, malamar kwamfuta a makarantarmu, ita ta zo mini da magani a cikin filashi. Yarinya ce mai rawar kai, komai a wurinta "ai mai sauƙi ne".

"Anti Fa'iza, LibreOffice zan sa miki. Duk abin da wancan yake yi wannan yana yi, kuma kyauta ne. Ba lasisin da zai ƙare miki."

"Kyauta? Wane ɗan albarka ne ya gina shi ya ce a ɗiba?"

"Mutane ne da yawa a duniya, kowa ya sa hannu. A buɗe yake, duk mai so ya leƙa ya ga yadda aka ƙera shi."

"Ibtisam, araha fa ba ta ado."

"To ki gwada, in bai yi miki ado ba ki kira ni."

Kafin shayinta ya huce ta gama. Ta nuna mini inda ake adanawa, da inda zan samo haruffa masu ƙugiya, ta ɗauki jakarta ta tafi gidan suna.

Bayan azahar na shiga ɗakin Baba, don a nan na saba aikin. Ba mu taɓa komai ba. Buzunsa yana naɗe a lungu, tabaransa na kan taga, ƙamshin turarensa bai gama fita daga labule ba. Na zauna a kujerarsa na buɗe littafin a sabuwar manhaja. Babin farko lafiya lau, na biyu haka. Har na fara cewa ashe yarinyar nan tana da gaskiya.

A babi na tara shafin ya yi ja.

Kalmomi ne jajaye ko'ina, kowace an ratsa ta da layi a tsakiya, suna zaune tsakanin baƙaƙen kamar ba su taɓa tashi ba. Na kai 'yar kibiyar nan kan ɗaya, sai wani ɗan akwati ya fito da suna: Malam Sharfaddeen. A gefen sunan ga rana, ga lokaci. Sha biyu ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida na safe.

Ranar uku ga Maris muka binne Baba.

Na matsa kan wata kalmar. Malam Sharfaddeen, sha biyu ga Maris. Wata kuma sha uku ga wata. Ni ba matsoraciya ba ce, ɗalibaina shaida ne, amma a ranar na kasa waiwayawa in kalli lungun da buzun yake. Rana tsaka, ana jin mai tallan awara a waje, ni kuwa ina zaune ina kallon mamaci yana gyara littafinsa kwana tara bayan an rufe shi da ƙasa. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na rufe kwamfutar a hankali, na fito tsakar gida ba takalmi na kira Ibtisam a waya.

Tana ji ta fashe da dariya, ga hayaniyar mata a bayanta.

"Anti, ba aljanu ba ne. Akwai wani maɓalli da in aka kunna shi, duk abin da aka goge ba ya tafiya, ajiye shi ake yi. Wataƙila hannun Baba ya taɓa shi a kwanakinsa na ƙarshe. A wancan an saita shi ya ɓoye, wannan kuma ya nuna miki, shi ke nan."

"To sunansa fa? Da ranar?"

"Ai kwamfutar da sunansa aka yi mata rajista. Ko wa ya zauna a kanta, shi za ta rubuta. Wa ya yi aiki da ita bayan rasuwar?"

Sai kawai na ce ta gaishe da mai jego.

Ni ce. Duk jan nan aikina ne. Na koma ɗakin da kunya a maimakon tsoro, ko da yake tsoron bai tafi duka ba. Na shiga bin abin da na goge ɗaya bayan ɗaya, sai ga Baba na shekarun ciwo ya dawo mini ɗungurungum: harafi ɗaya ya maimaitu sau bakwai inda yatsa ya maƙale, "ruwa" a tsakiyar labarin yaƙi, "faiza kafata" a ƙarƙashin sunan wani kakanmu. A watan Maris shara na gani. Yanzu kuwa muryarsa nake ji, har na riƙa amsawa a zuci.

A haka na iso shafin ƙarshe, inda ya jera 'ya'yansa. Na san shafin sarai, suna biyu ne a ciki: muhammadu auwal, sai faiza. Amma yanzu akwai jan layi a tsakaninsu, kalma biyu, da karan gogewata a kansu.

dana sani

Na tuna lokacin da na goge shi. Na karanta shi "da na sani", na ce a raina tsoho ne yake ajiyar zuciya, abin da ba zai so a gani ba, na share na wuce. Ko kaɗan wani karatun bai zo mini ba. Shekara goma sha tara ba a ambaci sunan nan a gidanmu ba, har idona ya manta kamanninsa. Sai yanzu da na gan shi zaune a gurbinsa, bayan Auwal, kafin ni, daidai inda Allah ya sa shi. In aka yi wa d ɗin nan ƙugiya, aka ɗaga s ɗin, ba nadama ba ce. Ɗana Sani ne. Shafin kuwa Baba bai kai ga buga shi a takarda ba, balle ya bi shi da biro.

Yaya Sani ya tambaye ni a rana ta uku, na ce ba a ce komai ba. A rana ta tara na zo na goge abin da aka ce, da hannuna, na kuma ci gaba da kai masa ruwa duk Juma'a ina jin tausayinsa.

Da la'asar na kai wa Yaya Auwal kwamfutar a zaure. Ya sa tabarau, ya duba, ya cire.

"Wannan ai da-na-sani ne. Kowa ya san kalmar."

"A jerin 'ya'ya, Yaya? Tsakanina da kai?"

"Ba ke kika ce har ruwa yakan roƙa a tsakiyar yaƙi ba? Hannu ne ya faɗa inda ya faɗa. Kuma nadamar me, wa ya sani? Wataƙila nadamar ajiye kundi inda hannun yaro zai kai."

"Yaron nan shekararsa arba'in da shida."

"Fa'iza, kada son zuciya ya sa ki sa wa mamaci magana a baki."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce, kuma na riga na taɓa cire masa magana daga baki. Amma na san abin da ke damun Yaya Auwal. Shekara goma sha tara yana riƙe da umarnin Baba kamar amana, ya hana kansa ɗan'uwansa. In ta tabbata Baba ya sauko tun kafin ya rasu, to shi kaɗai aka bari a kan dutse.

Sai na tuna dukan da muka sha a kan raba kalma. Baba ya tsani a haɗe "da" da "na". In ka rubuta masa su a manne, da bayan biro zai ƙwanƙwashe ka, ya ce ba tagwaye ba ne. Na buɗe wurin bincike na rubuta "da na" a rabe. Sau sittin da uku ya fito, har cikin babi-babin ciwo, inda komai ya wargaje amma wannan tazarar ba ta taɓa ɓacewa ba. Sannan na rubuta "dana" a haɗe. Sau huɗu kacal.

Na juya masa kwamfutar. Na farko: dana auwal ya kai ni asibiti. Na biyu: dana auwal ya gyara rufin zaure. Na uku ma shi ne. Na huɗu shi ne jan layin.

Yaya Auwal ya karanta na farkon ya sake karantawa. Bai taɓa buɗe babi-babin nan ba, bai san Baba ya rubuta shi haka ba. Ya goge tabaransa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ni ba ni da ikon kiran wanda Baba ya kora," ya ce.

"Ba kai za ka kira ba."

Ya tashi ya tafi masallaci, ko da yake da sauran lokaci kafin magariba.

A sabuwar manhajar, duk abin da aka goge ana tambayarka: ka amince ya tafi, ko ka ƙi? Na ƙi. Jan ya koma baƙi, layin ya zauna daram tsakanin sunayenmu. Ga inda Ibtisam ta nuna mini haruffa masu ƙugiya, dannawa ɗaya ce ta rage. Sau uku ina kai hannu ina janyewa. Hujjata mai ƙarfi ce, amma ba rantsuwa zan iya yi a kanta ba, tunda hannun da ya rubuta "ruwa" a fagen yaƙi yana iya manne kalma sau ɗaya. Na bar d ɗin a miƙe yadda mai shi ya bar shi. Kwana shida ina shiga ɗakin ina buɗe shafin, ina kallonsa kamar zai yi ƙugiya da kansa.

Ranar Juma'a Yaya Sani ya zo kamar kullum, da farar rigarsa mai tabon man keke a hannu. Na lura an share zaure an shimfiɗa sabuwar tabarma, ƙofar kuma a wangale, abin da ba a saba ba. Ban tambayi kowa ba. Maimakon kofin ruwa, kwamfutar na ɗauko, na tsaya a bakin zaure daga ciki na yafito shi. Ya tsallako hanya ya tsaya taku biyu daga dokin ƙofa, inda ya saba tsayawa in dole ta kama.

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce Baba ya bar kalma biyu, ni na goge su ban sani ba, sabuwar manhaja ce ta tono su. Na ce ana iya karanta su iri biyu. Na ce ya yafe mini wata bakwai ɗin nan.

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Idonsa na kan kwamfutar. Na miƙa masa, ya sunkuya, ya ƙanƙance ido, ya ɗago.

"Ban zo da tabarau ba. Karanta mini."

"Yaya, gara ka gani da idonka."

"Fa'iza, idona ba ya gani. Karanta mini yadda ya rubuta."

A nan dabara ta ƙare mini. A takarda ana iya barin harafi ba ƙugiya, kowa ya fahimci abin da ya ga dama. A baki ba hali. Duk wanda na furta, shi Yaya Sani zai ɗauka ya tafi da shi har kabarinsa. Na kalli layin, na tuna yatsan nan ɗaya yana lalube a kan maɓallai, da bakin da ya yi shekara huɗu yana motsi ba sauti. Baba ya ce sai ya kira da bakinsa, bakin kuma aka karɓe.

Na karanta daga sama, yadda aka jera.

"Muhammadu Auwal." Na sauko layi na biyu. "Ɗana Sani."

"Na'am," ya ce.

Ba ni ya amsa wa ba. Ta saman kafaɗata yake kallo, can cikin duhun zaure. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya jera su a gefe. Na matsa na ba shi hanya. Ya ɗaga ƙafar dama ya tsallake dokin ƙofar, ya tsaya, ya yi sallama da ƙaramar murya irin ta yaron da ya dawo daga aike a makare.

Daga lungun da Baba yake zama aka yi gyaran murya, aka amsa masa, cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu.

Na san Yaya Auwal ne. Tun da aka sauko daga masallaci ban ga fitarsa ba, kuma ba wanda yake da muryar nan sai shi. Duk da haka ban juya na duba ba.